Na Jira Ɗiyata a Kan Dutsen Slide

Ni ba mutumin yawo ba ne. Tun da na zo New York hanyata ɗaya ce: daga ɗakina a titin Grand Concourse can Bronx zuwa teburina na talla a Harlem, daga tebur zuwa masallaci, daga masallaci zuwa ɗaki. Sunana Oumarou, mutumin Dogon Dutse ne can Nijar. Lakkwal, wato boko, ban yi nisa ba, malam ya mare ni na fita ban koma ba. Abin da na sani shi ne tebur.

Kuma tebur ya fi kalanda faɗin gaskiya. In ka ga mutane sun fara tsayawa suna gwada hula, sanyi ya shigo. In safar hannu ta wuni ta kwana ba wanda ya taɓa ta, sanyi ya fita, ko me masu labarin yanayi za su ce a talabijin. A shekarar nan tun farkon Afrilu safar hannu ta mutu. Itatuwan bakin titi sun yi fure, mutane sun tuɓe manyan riguna. Na kwashe safar hannu da huluna da mayafan wuya na cusa a buhuna, na kai sito na kulle. Na fito da tabarau da lema. Haka nake yi kowace shekara, ban taɓa jin kunya ba.

A makon ne yarinyar ta zo.

Ɗiyata ce ta fari, kuma ita kaɗai gare ni. Ni da uwarta Habsatu mun rabu tun tana ƙarama, uwar ta yi wani aure a unguwar Jamaica can Queens, a can yarinyar ta girma. Ta yi karatu, tana aiki a asibiti wajen masu auna jini. Hausa tana ji sarai, amma in ta buɗe baki rabi Turanci ke fitowa. Sunanta ba na faɗa. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya zama ya yi hira da shi kamar abokinsa. Kunya ce. Ubana bai taɓa kiran sunan yayana ba har ya mutu, kuma ba wanda ya ce ba ya sonsa. In zan kira ta sai in ce "ke". In ina maganarta in ce "yarinyar". A wayata ma haka na sa aka rubuta mini.

Ta tsaya gaban tebur da rigar aikinta ta gaishe ni.

"Lafiya lau," na ce. "Ya uwarki?"

"Tana lafiya. Baba, na samu aiki a Seattle. Ƙarshen wata zan tafi."

"Ina ne nan?"

"Can ƙarshen ƙasar ne, bakin ɗaya tekun. Sai a jirgi."

"To. Allah ya tsare."

Na ci gaba da goge tabarau. Ta tsaya tana kallona kamar akwai sauran canji. Wata mata ta zo tana buɗe lemomi tana rufewa, na juya wajenta. Da na waiwayo yarinyar tana nan.

"Shi ke nan, Baba?"

"Ki riƙa salla a kan lokaci."

Ta gyaɗa kai, ta gyara jakarta, ta nufi tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na bi bayanta da ido har ta sauka ramin.

Teburin da ke kusa da nawa na Kassim ne, mutumin Zangon Kumasi, mai sayar da turare da man kaɗe. Shekaru muna nan tare, kuma bakinsa bai taɓa hutawa ba.

"Umaru," ya ce, "kai mutum ne ko sandar fitila?"

"Sayar da turarenka."

"Yaronka zai tafi bangon duniya, ka ce masa ya yi salla. Ko kujera ba ka ba shi ba!" Mutanen Zango haka suke, mace ma "shi" suke ce mata.

"Ku 'yan Gana ba ku san kunya ba."

"Mun san 'ya'yanmu dai. Zo ka gani."

Ya miƙo mini wayarsa. Ashe yana da lambarta, yana ganin hotunan da take sawa. Ga yarinyar a kan wani dutse da jaka a baya, ga ta a kan wani, da ƙawayenta farare da baƙaƙe, sama a bayansu. A wani hoton ta buɗe baki tana dariya har haƙoran ciki. Ban taɓa ganin haƙoranta na ciki ba. Na riƙe wayar har ta yi duhu.

"Kowace Asabar hawan dutse yake yi," Kassim ya ce. "Ga shi ya rubuta, Asabar mai zuwa za su hau na bankwana. Slide sunan dutsen, can Catskill. Ka kira shi a waya mana, ka ce ya zo ku ci abinci kafin ya tafi."

Na mayar masa da wayarsa. Uba ba ya ɗaukar waya ya ce wa ɗiyar fari ina son ganinki. Bakina ba zai iya ba, ko an sa mini wuƙa. Amma hanya ta kowa ce. In na hau dutse don kaina, ita ma ta hau don kanta, muka haɗu a sama, to hanya ce ta haɗa mu. In na zauna ina shan shayi ta zo ta same ni, dole in miƙa mata kofi, ko baƙo ne sai a miƙa masa. Ba abin kunya a nan. Abin da nake so ke nan kafin ta tafi, in zauna da ita wuri ɗaya, ba kwastoma a tsakaninmu.

Ranar Juma'a bayan masallaci na ba Kassim wayata.

"Sa mini sunan dutsen nan a taswira."

Ya dube ni, ya dubi cikina. "Kai? Da wannan tulun?"

"Ni ɗan Dogon Dutse ne. Da awaki nake hawa Tozon Bijini ba ko takalmi, lokacin kana tsotson yatsa."

"Wancan tudun naku da jaki ke hawa yana barci? To ka ɗauki rigar sanyi."

"Sanyi ya ƙare. Dubi teburina."

Asabar bayan asuba na tada tsohuwar motar da nake ɗaukar kaya. Na cika fulas da shayi, na ɗauki kofi biyu, da kilishin da na saya a shagon 'yan Maraɗi, da dabino, da gorar ruwa. Na zaɓi babbar lema ɗaya don ta zama sanda. Na sa takalmin kambas da nake tsayuwa da shi a tebur, da 'yar rigar sama mara nauyi. Matar da ke cikin waya tana ta ba ni umarni, dama, hagu, ina bi. Na wuce gada, gine-gine suka ƙare, sai itatuwa. Duk shekarun nan ban san akwai wannan dajin bayan garin ba. Ba kowa a gefena da zan ce wa ka gani.

Da hantsi na isa gindin dutsen. Filin fakin ne na tsakuwa, motoci kaɗan. Na zagaya ina leƙa su don in gane tata, sai na tuna ban san irin motar da take hawa ba. Ban ma san ko tana da mota ba. Na duba waya, ba layi. Na ce ko sun riga ni ko suna baya, duk hanyoyi a sama suke ƙarewa. Can zan jira.

Farkon hanya rafi ne cike da ruwa, yana gudu yana kumfa. Na taka duwatsu na tsallake, na ƙarshe ya juya, ƙafar hagu ta shiga har idon sawu. Ruwan kamar an sare ni da adda. Na ce ba komai, tafiya za ta busar da shi. Bayan rafi sai taɓo. An buga wasu ƙananan fayafai a jikin itatuwa, na gane su ne alamar hanya, na bi su. Rana tana nan, ina ta gumi, har na ce a raina Kassim ya ji kunya.

Can gaba na fara ganin fari-fari a gindin itatuwa, kamar an zubar da garin rogo. Na ce ragowa ce. Ragowar ta yi ta ƙaruwa har ƙasa ta ɓace gaba ɗaya. Dusar ƙanƙara ce ta gaske, irin ta tsakiyar Janairu, tana kwance a nan kamar ba a gaya mata wata ya canza ba. A tsakiyar hanya ƙafafun mutane sun danne ta ta zama kamar siririyar kunyar gona mai tauri da santsi. In ka tsaya a kansa ka zame. In ka kauce gefe ka nutse har gwiwa, ruwa na gudu a ƙarƙashi. Na zame, na nutse, na zame. Na faɗi a kan hannuna, lemar ta lanƙwashe.

A nan na tuna da buhunan da na kulle a sito. Ni da na sa wa rabin Harlem safar hannu, ga ni ina hura yatsuna da baki. Motata a ƙasa cike take da tabarau.

Wasu samari biyu Turawa suka sauko, suna tafiya ƙwas ƙwas kamar a kan siminti. Na dubi ƙafafunsu, sun ɗaura wasu sarƙoƙi masu haƙora a ƙasan takalmi. Su ma suka dubi nawa. Ɗaya ya ce sama ta fi nan muni, gara in juya. Da Turancina na tebur na tambaye su ko sun ga wata yarinya baƙa mai ɗankwali, da ƙawayenta. Suka ce ba su ga kowa ba.

"To suna baya," na ce da Hausa, na wuce.

Ba zan ce na ji daɗin sauran hawan ba. Numfashina yana fita kamar na tsohon zuga-zugi. Itatuwa suka canza, suka zama gajeru masu duhu, masu ƙanshi irin na turaren da Kassim ke ƙarya da shi ya ce daga Makka. Kuma shiru. A garin nan ko a ɗakina ban taɓa jin shiru ba, in ba jirgin ƙasa na layin D ba to maƙwabta ne ko motar kashe gobara. A nan sai bugun zuciyata da ɗigar ruwa daga rassa. Na yi ta shirya abin da zan ce in sun iso. Zan ce, "Ashe ke ma nan kike zuwa." Shi ke nan. Sauran shayi zai yi.

Saman dutsen ba abin da na zata ba ne. Ba tsini, ba tuta. Itatuwa ne, sai wani falalen dutse da ya buɗe ta gefe ɗaya. Daga nan kana ganin tuddai bayan tuddai, can ƙasa wani babban tafki yana ƙyalli. Ba kowa. Na share dusar da ƙafa na zauna. Na buɗe kilishi a kan takardarsa, na jera dabino, na ajiye kofuna biyu. Ban zuba shayin ba, don kada ya huce kafin ta zo.

Na jira. Iska ta taso, gumin da ke bayana ya zama ƙanƙara. Duk motsin reshe sai in gyara zama in sa fuskar mutumin da ya zo shan iska. Wani ƙaramin tsuntsu ya sauka kusa da dabinon, ya dube ni da ido ɗaya. Na ce masa ba naka ba ne.

Rana ta karkata, azahar ta yi. Na san akwai taimama, ba jahilin addini ba ne ni. Amma ga ruwa a gora a hannuna, lafiyata lau, in buga ƙasa kamar majinyaci? Kuma ni ne na ce mata ta riƙa salla a kan lokaci. In ta iso ta same ni ina salla, ai ya fi ta same ni ina leƙen hanya. Na naɗe hannun riga. Na cire takalma da safa na ɗora a kan dutse. Na yi alwala cikakka, ban tsallake komai ba, har tsakanin yatsun ƙafa. Na tuɓe rigar sama na shimfiɗa, na kintaci gabas na tayar da salla.

Kafin in sallame na daina jin hannuwana. Da na juya, iska ta ture safa ɗaya cikin ruwan dusa, ɗayar ta sandare kamar busasshen kifi. Na cusa ƙafafu a takalma haka nan. Igiyar takalmi ta gagare ni. Ina ganin yatsuna a kanta, ina ce musu ku kama, ba su kamawa. Sun yi fari-fari, launin toka, kamar ba nawa ba. Na mayar da rigar, ta jiƙe sharkaf. Na kama fulas zan buɗe, murfin ya ƙi. Na matse shi tsakanin gwiwoyi na murɗa da tafin hannu, ya kuɓuce, ya gangara, ya faɗa ƙasan falalen. Na ji ƙararsa yana bugun duwatsu har ya yi shiru.

Sai girgije ya zo. Ban san girgije yana zuwa wa mutum ta gefe ba. Tafkin ya ɓace, tuddai suka ɓace, itatuwan da ke gabana suka zama inuwa. Ko fayafan hanya ba na gani.

A cikin wannan farin na ji kamar murya. Kamar ta mace, can ƙasa ta hagu, sai ta ɗauke. Na miƙe. Na ce su ne. Sun iso, amma a wannan hazon za su wuce ta bayan itatuwa su juya, ba za su san akwai mutum a kan falale ba. Za ta sauka, ta hau jirgi, ta tafi bakin ɗaya tekun.

"Ke!" na ce.

Iska ta ɗauke shi. To wace ce "ke" a kan dutse? Kowa ke ce. Na sake, "Ke yarinya!" Ba amsa. Na tsaya da takalma a buɗe, hannuwa a hammata. Rabon sunan nan da bakina tun safiyar da na raɗa shi a kunnen liman, tana jaririya a ɗaki. Na duba dama da hagu kamar ɓarawo, ba kowa sai itatuwa.

"Nuriyya!"

Ya fito a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Na cika ƙirji na sake. Na yi ta kira, ta hagu, ta dama, ta inda tafkin yake. Ban san ko sau nawa ba. Maƙogwarona ya fashe.

Aka amsa. Wani abu ja ya fito daga cikin hazo, ƙwas ƙwas, da sanduna biyu. Wata tsohuwar Baturiya ce, ƙarama, fuskarta duk tamoji, ita kaɗai. Ashe waƙa take yi wa kanta a hanya, ita na ji.

Ta dubi kilishi da kofuna biyu. Ta dubi ƙafafuna. Ta ce in nuna mata hannuwana. Da ta gani sai ta sauke jaka. Ta fito da wasu 'yan ƙunshi ta girgiza su, suka ɗauki zafi, ta sa mini a tafin hannu. Ta fito da busasshiyar safa. Sannan ta fito da safar hannu baƙa ta saƙa, ta zura mini da kanta kamar yaro. Na san safar nan. Irin wadda nake sarowa ce, har 'yar takardar da ke jiki. Buhu guda gare ni a sito.

Ta durƙusa a cikin dusa ta ɗaure mini igiyar takalmi. Matar da ta kusa haihuwata. Na kau da kai.

"Wa kake kira?" ta ce.

"Ɗiyata."

"Ta ɓata ne? Tare kuka hau?"

"A'a. Ba ta zo ba."

Ta ɗan dube ni. Ta cire sarƙar ƙafarta ɗaya ta ɗaura a takalmina na dama, ta ba ni sanda ɗaya. Na naɗe kilishin da gwiwar hannu na tura aljihu. Dabinon na bar wa tsuntsu.

Muka sauko, ita a gaba ni a baya, kowa da ƙafa ɗaya mai kamawa, ɗaya mai zamewa. Sau ɗaya ta tsaya ta nuna inda tafkin yake a bayan hazo, ta ce ruwan da muke sha a birni daga nan yake zuwa. Sau ɗaya kuma ta ce da mijinta suke hawa duk Afrilu, yanzu ita kaɗai. Na ce mata sannu. Ban san yadda ake faɗinsa da Turanci ba, da Hausa na faɗa, kuma ta gyaɗa kai.

Da la'asar sakaliya muka isa fakin. Ba zan iya riƙe sitiyari ba, sai ta sa ni a motarta ta kunna zafi. A nan yatsun suka farka, suka fara cizo kamar kunamu. Ban yi kuka ba, amma na kira sunan Allah da ƙarfi. Muna shiga wani ɗan gari wayata ta dawo da rai, ta yi ta rawa a aljihu. Tsohuwar ta tsaya a gefen titi, ta ciro ta, ta danna mini saƙon murya.

Na farko Kassim ne. "Umaru! Kana da rai? Sun fasa! Yaronka yana nan gabana, zai cinye ni!"

Na biyu ita ce. Ta ce tun jiya suka fasa hawan, sun duba sun ga har yanzu dusa ta rufe sama. Ta ce da ta ga Asabar ɗinta ba komai, sai ta dafa shinkafa ta zo Harlem don ta zauna a tebur tare da ni. Ta zo ta tarar wurina wayam. "Baba, ka kira ni. Don Allah ka kira ni."

Tsohuwar ta danna kira ta kara mini a kunne. Aka ɗauka tun kafin ya yi ƙara.

"Baba!"

"Lafiya lau nake," na ce. "Kin yi la'asar?"

Ta saki Turanci kamar an ɓalle famfo. Tsohuwar ta karɓi wayar, suka yi ta magana da sauri, ban kama ko rabi ba. Daga nan ta kai ni wani ƙaramin asibiti. Lokotoro, wato likita, ya jiƙa hannuwan a ruwan ɗumi, ya naɗe yatsun da suka yi bororo, ya ce ba za a yanke komai ba amma in kwana su duba ƙafar hagu. Kafin in gama da shi tsohuwar ta tafi. Ko sunanta ban tambaya ba.

Da safe yarinyar ta zo. Wata ƙawarta ta kawo ta, ta kai mu inda motata take, ta juya. Yarinyar ta karɓi makulli ta hau wurin direba, ta ja kujerar gaba don ƙafarta ta kai. Na zauna a gefe da hannuwa biyu a naɗe a kan cinya kamar an aiko ni da dambu. Lemomi suna ta kaɗawa a baya.

Muka hau babbar hanya, muka yi nisa. Tana tuƙi da kyau, ba ta taka birki a banza.

"Da kambas, Baba," ta ce a ƙarshe. "Kambas!"

"A Harlem sanyi ya ƙare."

"Harlem ba dutse ba ne. Kuma wa ya ce ka wanke ƙafa a cikin ƙanƙara? Ko a makarantar Asabar an koya mana taimama."

"Ina da ruwa."

Ta buga sitiyari da tafin hannu. Na ɗauka faɗa za ta ci gaba, sai na ga kafaɗunta suna rawa. Dariya take yi, hawaye na zuba. Na ga haƙoran ciki.

"Me ya kai ka can?"

"Shan iska."

"Da kofi biyu?"

Ashe tsohuwar ba ta bar komai ba. Na ce akwai kilishi a aljihuna na dama, ta ciro, ni hannuna ba ya shiga. Ta ciro, ya jiƙe ya yi laushi. Ta yaga da haƙori ta ci, ta yaga wani ta miƙo mini a baki, idonta a kan titi. Na duba, ba kowa a hanyar sai manyan motoci. Na karɓa.

Ta ba ni labarin aikin da za ta je, da ɗakin da ta kama, da duwatsun can, waɗanda ta ce dusa ba ta barin kansu ko a tsakiyar zafi. Ni kuma na gaya mata Tozon Bijini, da akuyar da ta taɓa maƙalewa a tsagi na kwana ina jin kukanta. Ba ta taɓa jin labarin ba. Wa zai gaya mata?

Da gine-ginen Bronx suka fara fitowa ta rage gudu, ko da yake ba cunkoso.

"Matar nan ta ce tun daga nesa ta ji kana kiran wani suna."

"Na kira."

"Me ka ce?"

"Kin san abin da na ce."

"Ban ji ba, Baba. Ba na wurin."

Na dubi taga. Mun zo daidai fitila, ta ba mu ja. Wani mutum yana tura keken kaya yana tsallakewa a hankali. Na buɗe baki. Ga ta a gefena, ba hazo, ba iska, kunnenta yana nan. Ya ƙi fitowa.

"Fitila ta ba ki hannu," na ce.

Ta ja motar. Ba ta yi fushi ba, na duba.

Ƙarshen wata ta tafi. Ban je filin jirgi ba, uwarta da mijin uwarta suka kai ta. Na aika mata da lema ta hannun Kassim, mai ƙarfe biyu, wadda iska ba ta juyawa, don ya ce garin kullum ruwa. Farcen yatsana ɗaya ya fita, wani ya tsiro a karkace. Yanzu ranar Asabar takan turo hoto kai tsaye a wayata, ba sai na leƙa ta Kassim ba. Ba na amsawa da komai, ban iya rubutun ba. Ina dai dubawa har wayar ta yi duhu.

Safar hannun tsohuwar tana nan a kusurwar tebur, tsakanin tabarau da lema. Ga zafi ya shigo, mutane suna wucewa da guntayen riguna. Jiya wani ya ɗaga ta ya tambayi kuɗinta. Na ce ya ajiye, ta wata ce.